Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos (1946-2015): Mawaƙin Karen Mota

Masana adabin baka sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan jama'a. Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos yana cikin rukunin ƙarshe, kuma ya yi fice ne saboda irin mutanen da ya zaɓa ya waƙe, wato talakawa masu neman na kansu a tasha da kasuwa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a Bukuru, garin haƙar kuza da ke kusa da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu Adamu yana jariri, ba a jima ba mahaifiyarsa ita ma ta cika. Daga nan Sarkin ya ɗauki riƙonsa, jama'a kuma suka laƙaba masa Ɗanmaraya, sunan da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Haɗuwarsa da Kuntigi

Yana yaro ya yi tafiya zuwa Maiduguri, inda ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa. Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata. Ba ya buƙatar 'yan amshi ko tawagar makaɗa. Saboda haka Ɗanmaraya ya zama shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, kuma kowace kalma tasa tana fita tar a kunnen mai sauraro.

Waƙoƙinsa

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. Karen mota shi ne yaron direba: shi ke lodin kaya, ya sa wa taya weji a kan tudu, ya wanke mota, ya kwana yana gadinta, duk da fatan wata rana shi ma ya riƙe sitiyari. Sunan da ake kiransa da shi ma ya isa ya nuna yadda aka raina shi. Ɗanmaraya, wanda ya tashi a gidan sarauta ya kuma san ladar waƙar manya, sai ya juya ya wasa wannan yaro. Da haka ya nuna cewa duk mai cin guminsa ya cancanci a ambace shi.

A lokacin yaƙin basasar Nijeriya (1967-1970) ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Ya kuma mai da hankali ga zaman iyali. A Jawabin Aure ya yi wa ma'aurata nasiha, a Auren Dole ya soki iyayen da ke tilasta wa 'ya'yansu mata, a Gulma Wuya kuwa ya fallasa magulmaciyar da ke haɗa baki da boka don ta kashe auren mutane. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa, MON, da digirin girmamawa na Jami'ar Jos. Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Muhimmancinsa ga Malami

Yawancin ɗaliban yau sun fi sabawa da waƙoƙin hip-hop, waɗanda suka samo asali daga unguwannin baƙaƙen fata na birnin New York a shekarun 1970, suna bayyana halin da talakan birni ke ciki. Malamin da ya san Ɗanmaraya zai iya nuna musu cewa Bahaushe ya riga ya ba wannan jigo muhalli a waƙarsa. Ɗalibi a Kangire ko Gwaram yana ganin yaran mota kullum a bakin titi, wataƙila ma yayansa ne. Idan aka karantar da waƙar ta wannan fuska, zai gane cewa adabi yana magana ne a kan mutanen da ya sani, kuma zai daina yi wa sana'arsu kallon raini.

Aiki

1. Bayyana siffar kuntigi da yadda ya dace da salon Ɗanmaraya.
2. Zaɓi wani mai ƙaramar sana'a a garinku, ka tsara darasin da zai nuna wa ɗalibai darajarsa.