Gerard Salton: Masanin da ya koya wa kwamfuta binciko rubutu

Duk wanda ya rubuta kalmomi biyu ko uku a wayarsa, shafukan da yake nema suka fito masa a jere, yana cin gajiyar aikin wani mutum da ya rasu shekara uku kafin a kafa kamfanin Google. Mutumin shi ne Gerard Salton.

An haife shi ranar 8 ga Maris, 1927, a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus. Ya isa Amurka a 1947, ya karanta lissafi a Kwalejin Brooklyn da ke New York, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Harvard a 1958 a hannun Howard Aiken, ɗaya daga cikin magabatan ƙera kwamfuta. Ya koyar a can har 1965, lokacin da ya koma Jami'ar Cornell, inda aka kafa sashen kimiyyar kwamfuta tare da shi.

A wancan zamani, neman bayani a ɗakin karatu ya rataya ne a wuyan ƙwararrun ma'aikata. Su ke karanta kowace maƙala, su zaɓa mata kalmomin da za a neme ta da su. Amma rubuce-rubucen kimiyya sun riƙa yawaita fiye da yadda hannu zai iya bi. Tambayar da Salton ya sa a gaba ita ce ko na'ura za ta iya wannan aiki da kanta, kuma domin amsa ta ne ya gina manhajar SMART tare da ɗalibansa.

Dabarar tana da sauƙin faɗa. Na'ura ta ƙirga kalmomin kowace takarda, ta watsar da irin su "da" da "na" waɗanda ba su bambanta komai, ta mayar da sauran zuwa tushensu, sannan ta ba kowace kalma nauyi. Kalmar da ta yawaita a takarda guda amma ta yi ƙaranci a sauran takardu ita ke da nauyi mafi girma. Wannan ɓangare na auna ƙarancin kalma Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij ce ta fito da shi a 1972. Da haka kowace takarda ke zama jerin lambobi, tambayar mai nema ma haka, sai a auna kusancinsu a jera sakamako daga mafi kusa zuwa mafi nisa. Maƙalar da ya wallafa da Wong da Yang a 1975 ita ce aka fi ambata kan wannan tsari.

Abin da ya fi jan hankali a tarihinsa shi ne yadda ya bar gwaji ya yi masa hukunci. Da farko SMART na ɗauke da hanyoyin nazarin ginin jimla, bisa fatan cewa na'urar da ta san nahawu za ta fi iya nema. Da aka gwada a kan tarin takardun da aka riga aka san amsoshinsu, ciki har da na Cranfield daga Ingila, sai aka ga ƙidayar kalmomi ba ta gaza waɗannan hanyoyi masu wahala ba, sau da yawa ma ta fi su. Salton ya karɓi sakamakon, ya kuma ci gaba da nuna shakku ga masu alƙawarin cewa ƙirƙirarriyar basira ta kusa fahimtar harshe.

Tsarin nasa yana da rauni, domin ba ya kula da jerin kalmomi, kuma yanke ƙarshen kalma ya fi dacewa da Ingilishi. Mai fassara ya san ba haka kawai za a haɗa "littafi" da "littattafai" ba. Manhajojin yau sun magance da yawa daga wannan ta hanyar koyon ma'ana daga ɗimbin rubutu, amma har yanzu suna mayar da rubutu jerin lambobi su auna kusanci, kamar yadda ya yi.

A 1983 ya zama mutum na farko da ya karɓi babbar lambar yabo ta masana wannan fanni, wadda yanzu take ɗauke da sunansa. Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 1995, a garin Ithaca na jihar New York, yana da shekara 68.