Robert Raikes: Mai Buga Jarida Da Ya Raya Makarantar Lahadi

Da yawa daga cikinmu a Makarantar Lahadi muka fara jin sunan Yesu, amma kaɗan ne suka san mutumin da Ubangiji ya mora wajen yaɗa wannan aiki. Sunansa Robert Raikes. Shi ba fasto ba ne, ba kuma mai bishara ba. Mai bi ne kamar kowa a ikkilisiyar Angilikan ta garinsu.

An haife shi a shekara ta 1736 a birnin Gulosta na ƙasar Ingila. Da mahaifinsa ya rasu a 1757, sai ya gaji jaridarsa mai suna Gloucester Journal. Hidimarsa ta fari ita ce ziyartar 'yan kurkuku. A can ne ya lura cewa jahilci da rashin tarbiyya tun ƙuruciya su ne suka kai yawancinsu wannan hali. Sai ya ga gara a tanƙwara icce tun yana ɗanye.

A zamanin nan 'ya'yan talakawa sukan yi kwana shida suna aiki a masana'antu, ba su zuwa makaranta. Ran Lahadi kuwa sai su cika tituna da faɗa da ashar. Mutane da dama sun ga haka, suka yi gunaguni, suka wuce. Raikes kuwa ya je ya shawarta da wani limamin ikkilisiya, Rabaran Thomas Stock. A 1780 suka buɗe aji a gidan wata mata, Uwargida Meredith. Suka ɗauki mata suna koyarwa, ana biyan kowacce sule ɗaya a ranar.

Yaran sukan zo da safe a koya musu karatu, Littafi Mai Tsarki shi ne littafin karatunsu. Bayan tsakar rana a kai su sujada, sa'an nan a koya musu tushen bangaskiya. Ba a nemi su zo da sababbin tufafi ba, sai dai su wanke fuska da hannu, su taje gashi. Waɗansu sun yi masa ba'a, waɗansu kuma suka ce yana ɓata ranar Ubangiji. Duk da haka bai fasa ba.

Akwai waɗanda suka riga shi tara yara ran Lahadi, kamar Hannah Ball a 1769. Abin da Raikes ya ƙara shi ne sana'arsa. A 1783 ya buga labarin aikin a jaridarsa, waɗansu jaridu suka ɗauka, ikkilisiyoyi suka kwaikwaya. Ya rasu a 1811. Zuwa 1831 yara fiye da miliyan ɗaya ke zuwa Makarantar Lahadi a Birtaniya.

'Yan'uwa, mu dubi kanmu. Sau nawa mukan zo majami'a mu zauna, mu bar fasto da dattawa biyu uku da dukan kaya? Ajin yara na neman malami, Zumuntar Mata na neman mai rubutu, marasa lafiya na jiran mai gaisuwa. Raikes bai jira a naɗa shi ba. Ya duba buƙatar da ke ƙofar gidansa, ya nemi shawarar shugaban ikkilisiya, ya sa abin da ke hannunsa.

Malamin makaranta ne, ko kafinta, ko ma'aikaciyar asibiti, kowa da baiwar da aka ba shi, kuma za mu ba da lissafinta. Ran Lahadi mai zuwa, bayan an tashi sujada, mu sami fastonmu mu tambaye shi inda ake buƙatar hannu. Ubangiji ya ba mu zuciyar hidima. Amin.