Dakta Sara Josephine Baker, Likitar Ƙananan Yara

Ya kai ɗalibi, idan kana da ƙane ko ƙanwa, ka san yadda ciwo yake yawo a tsakanin yara. Yau ɗaya ya tashi da tari, kafin jibi sai ka ji sauran duk suna yi. A wannan darasi za ka karanta tarihin wata likita ’yar ƙasar Amurka wadda ta ba da rayuwarta ga aikin tsare ƙananan yara daga cututtuka masu yaɗuwa. Sunanta Sara Josephine Baker.

An haife ta ranar 15 ga Nuwamba, 1873, a garin Poughkeepsie da ke jihar New York. Mahaifinta lauya ne, kuma gidansu yana da rufin asiri. Amma tana da shekara 16 sai zazzaɓin taifod ya kashe mahaifinta da ɗan’uwanta namiji. Ka sani cewa wannan zazzaɓi yana shiga jikin mutum ne ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Bayan wannan rashi, sai ta ƙudura cewa za ta zama likita domin ta riƙe mahaifiyarta da ’yar’uwarta.

A wancan zamani mata likitoci kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka ta shiga wata kwalejin koyon likitanci ta mata a birnin New York, ta gama a 1898. Darasi ɗaya kawai ta faɗi a kwalejin, shi ne darasi a kan lafiyayyen yaro. Da ta maimaita shi sai ta ji ya shiga ranta. Kada ka manta da wannan, domin a kansa ta gina aikinta daga baya.

A 1901 ta sami aiki a Ma’aikatar Lafiya ta birnin New York. An tura ta wata unguwar matalauta mai suna Hell’s Kitchen. Kullum takan hau benaye, ta shiga ɗaki bayan ɗaki tana duba marasa lafiya. Iyali guda sukan cunkushe a ɗaki ɗaya ko biyu, babu isasshiyar iska, ƙudaje ko’ina. Madarar da ake sayarwa a tituna sau da yawa ta lalace. Idan lokacin zafi ya zo, sai gudawa ta faɗa wa jarirai. A shekarun nan, cikin kowane mutum uku da suka mutu a birnin, kusan ɗaya yaro ne da bai kai shekara biyar ba.

Dakta Baker ta lura da wani abu. Yawanci ba a kiran likita sai jariri ya riga ya galabaita, lokacin da magani ba zai yi wani amfani ba. Sai ta tambayi kanta: me zai hana a isa gidan tun yaron yana da lafiya? Hausawa sun ce riga-kafi ya fi magani. Ita ma abin da ta gano ke nan, kuma ta nemi ta gwada shi a aikace.

A 1907 ta ƙara samun wani darasi. Akwai wata mata mai suna Mary Mallon wadda take dafa abinci a gidajen masu kuɗi. Gidaje da yawa da ta yi aiki a cikinsu sun sami masu taifod, alhali ita lafiyarta ƙalau. Dakta Baker tana cikin waɗanda aka aika su kai ta asibiti, kuma gwaji ya nuna tana ɗauke da ƙwayoyin cutar. Ka ga ashe mutum yana iya yaɗa cuta bai sani ba, musamman idan ya taɓa abinci bai wanke hannu ba bayan ya fito daga bayan gida.

A lokacin zafi na 1908 aka ba ta nas-nas 30. Ta zaɓi wani yanki na matalauta a gabashin birnin. Kowace rana takan karɓi sunayen jariran da aka haifa, ta aika nas zuwa kowane gida. Nas ɗin takan zauna da mai jego, ta ƙarfafa mata guiwa ta shayar da nono, domin nonon uwa ba ya gurɓata kamar madarar kasuwa. Takan nuna mata yadda ake yi wa jariri wanka, da amfanin buɗe taga, da sa masa tufafi marasa nauyi. Da lokacin zafi ya wuce aka yi lissafi, sai aka ga jariran da suka mutu a yankin sun ragu da kusan 1,200 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata.

A wannan shekara hukumar birnin ta kafa Sashen Kula da Lafiyar Yara, ta naɗa ta shugaba. Shi ne sashen gwamnati irinsa na farko a Amurka. Likitoci maza shida da aka sa a ƙarƙashinta suka ajiye aiki, wai ba za su bi mace ba. Ta roƙe su su gwada na wata ɗaya. Da watan ya cika, babu wanda ya tafi.

Yanzu ka saurari abin da ya fi shafarka. A gidajen matalauta uwa da uba sukan fita aiki tun da safe, su bar jariri a hannun yayarsa, yarinya ƙarama. Wasu mutane suna ganin wannan abin takaici ne kawai. Dakta Baker kuwa ta ga cewa tun da waɗannan ’yan mata ne suke renon yaran, su ya kamata a koya wa. Sai ta kafa Ƙungiyar Ƙananan Iyaye Mata. A nan aka koya musu wanke hannu kafin ba da abinci, da tsabtace kwalbar madara, da rufe abinci saboda ƙudaje, da gane alamun ciwo tun da wuri. ’Yan matan suka kai ilimin gida, suka koya wa iyayensu, waɗanda da yawansu baƙi ne daga Turai da ba su ji Turanci ba.

Ba ta tsaya nan ba. Sashenta ya gudanar da wurare a unguwanni inda uwa za ta sami tsabtatacciyar madara, a auna jaririnta, a ba ta shawara. Ta sa aka horar da ungozomomi, aka ba su lasisi. A lokacin akan ɗiga wani magani a idon jariri sabon haihuwa domin kare shi daga ciwon da ke makantarwa, amma maganin yakan gurɓata a kwalba. Sai ta ƙirƙiro ƙananan mazubai na kakin zuma, kowane ɗaya na ido ɗaya.

A makarantu ma ta yi aiki. Yara da yawa suna fama da ƙwarƙwata da ƙazuwa da makero da amosanin ido, cututtukan da ke bin mataji da tawul da hula idan ana aron su. A da, kora gida kawai ake yi, yaro ya dawo da ciwonsa. Sashenta ya yi amfani da nas-nas na makaranta, waɗanda suke yi wa yaro magani, su bi shi gida su yi wa iyayensa bayani.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan nasara ba. Wasu likitoci na unguwar Brooklyn sun rubuta wa magajin gari suna neman a rufe sashen, domin yara sun daina ciwo, su kuma sun rasa ciniki. Ita kuwa ta ɗauki wannan ƙorafi a matsayin yabo.

A 1917 ta sami digirin dakta a fannin lafiyar jama’a daga Jami’ar New York, ita ce mace ta farko da ta same shi a can. Lokacin da ta yi ritaya a 1923, New York ya fi sauran manyan biranen Amurka ƙarancin mutuwar jarirai, kuma jihohi da dama sun kafa irin sashenta. Ta wallafa tarihin rayuwarta a 1939. Ta rasu ranar 22 ga Fabrairu, 1945, tana da shekara 71.

Ka duba abubuwan da ta yi amfani da su: sabulu da ruwa, taga a buɗe, nonon uwa, da ilimin da aka ba masu reno. Babu ɗaya da ya fi ƙarfinka. Idan an bar maka ƙanenka yau, wanke hannunka da sabulu kafin ka ba shi abinci, ka wanke bayan ka yi masa tsarki. Kada yara biyu su sha da kofi ɗaya idan ɗayansu yana tari. In kuwa ka ga gudawa ko zazzaɓi, ka gaya wa babba nan da nan.

Tambayoyi

1. Me ya sa Sara Josephine Baker ta ƙudura zama likita?
2. Wane darasi labarin Mary Mallon ya koya mana?
3. Faɗi abubuwa uku da nas-nas suka koya wa masu jego a 1908.
4. Don me aka kafa Ƙungiyar Ƙananan Iyaye Mata?
5. Bayyana ma’anar karin maganar da ke cikin wannan darasi da kalmominka.