Angus Buchanan: Baturen da ya tashi daga Kano ya ratsa Sahara a kan raƙumi saboda tsuntsaye

A ƙarshen shekarar 1919 jirgin ƙasa ya sauke wani tsohon sojan Birtaniya a Kano. Ba cinikin gyaɗa ya kawo shi ba, ba kuma aikin mulki ba. Tsuntsaye ya zo nema.

Sunansa Kyaftin Angus Buchanan. An haife shi a 1886 a tsibiran Orkney da ke arewacin Scotland. Ya yi yawon nazarin namun daji a arewacin Kanada, sannan ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a Gabashin Afirka, inda ya samu lambar yabo ta jarumta.

Wanda ya turo shi shi ne Lord Walter Rothschild, attajirin da ya gina gidan adana halittu a garin Tring na Ingila. A lokacin masana a Turai ba su da cikakken bayani kan tsuntsayen da ke tsakanin Kano da duwatsun Abzin.

Hanyar ayari

Kanon da Buchanan ya tarar gari ne mai ƙofa biyu. Sabon Gari na tasowa da baƙin da jirgin ƙasa ke kawowa daga kudu, Fagge kuwa tun da daɗewa ita ce zangon Buzaye da raƙumansu masu kawo gishiri da dabino daga arewa. Ta hanyar farko ya shigo, ta biyun ya fita.

Ya fara kafa sansani a Fanisau, arewa da birni, inda ya soma tattara tsuntsaye. Daga nan a 1920 ya nufi Damagaram, ya bi ta Damargu inda ya yi farautar jimina, ya isa Agadas, ya hau duwatsun Abzin. Ya tarar da ƙauyuka da dama kufai, domin bai daɗe ba da Faransawa suka murƙushe boren Kawusan na 1916 zuwa 1917.

Hanyar ayari ta dace da aikinsa. A hamada, inda rijiya take nan matafiyi ke yada zango, nan kuma tsuntsu ke sauka shan ruwa. Kowane zango ya zame masa wurin aiki.

Sai dai kallon tsuntsaye a zamaninsa ba irin na yau ba ne da ake yi da madubin hangen nesa da kyamara. Harbo tsuntsun ake yi, a feɗe fatar da gashinta, a busar, a rubuta wuri da rana. Matasan da ya ɗauka aiki a Najeriya sun taimaka masa da hidimar tafiya, amma sunansa ne ya shiga littattafan kimiyya.

Masanin tsuntsaye Ernst Hartert ya yi nazarin abin da ya kai Tring, ya kuma raɗa wa wasu nau'o'in sunan Buchanan. A 1921 Buchanan ya wallafa labarin tafiyar a littafinsa Out of the World North of Nigeria.

Daga Kano zuwa Aljeriya

A 1922 ya sake dawowa Kano, wannan karon da niyyar ƙetare Sahara baki ɗaya, tare da mai ɗaukar fim T. A. Glover. Sun bi ayarin gishiri daga Abzin zuwa Fachi da Bilma, daga baya suka ratsa duwatsun Hoggar, suka isa Touggourt a Aljeriya a 1923.

Tafiyar ta kai kusan kilomita 5,600, ta kuma ci fiye da shekara guda. Raƙuman da suka taso da su sun yi ta ƙarewa a hanya. Wanda yake hawa, mai sunan Hausa Farin Gashi, shi ne ya kai shi ƙarshe, ya kuma mutu da isarsu.

An nuna fim ɗin tafiyar a Ingila a 1924, littafinsa na Sahara kuma ya fito a 1926. Buchanan ya rasu a 1954.

Abin da ya bari

A 1932 Rothschild ya sayar da mafi yawan tsuntsayen da ya tara, kimanin 280,000, ga babban gidan tarihin halittu na birnin New York. Ke nan mai son ganin irin tsuntsayen da aka ɗebo daga wannan hanya shekara ɗari da suka wuce, sai ya dangana da Amurka.

Amfanin waɗannan bayanai yanzu ya fi na da, domin da su ake gane abin da aka rasa. Jiminar da ya yi farauta a Damargu ta ɓace daga dajin Nijar, sai waɗanda ake kiwo a wurare irin su Kelle da ke jihar Damagaram da fatan mayar da su. Ungulu, da a da ba a rasa ta a mahauta, ta yi wuyar gani a Kano. Fanisau kuma gari ya kusa haɗiye ta.

Shamuwa dai har yanzu tana zuwa da albishirin damina, shirwa na shawagi a saman Fagge da Sabon Gari. Rubuta abin da ake gani yau ba ya bukatar bindiga ko raƙumi. Wayar hannu ta isa.