Likita Mila da Majami'ar Wusasa

Ku da kuke binmu a rediyo daga Kawukudi da Nima da Maamobi, yau za mu kai ku Wusasa, wani ƙauye a gefen birnin Zariya. Akwai tsohuwar majami'ar Anglikan a can, St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausawa. Amma wanda yake neman kabarin farko na wannan ikkilisiya ba zai same shi a makabartar Wusasa ba.

An haifi Walter Miller a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell da ƙungiyar C.M.S. har Kano. Sarki Aliyu ya sallame su, suka koma Girku, kudu da Zariya. A nan abokin tafiyarsu Dudley Ryder ya mutu, suka binne shi, ba su ko yi wa mutum ɗaya baftisma ba tukuna.

Likita Mila, kamar yadda Zazzagawa suke kiransa, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani, yana koya wa yara karatu. Shekaru suka wuce, masu bi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 waɗansu baƙi suka zo wurinsa. Isawa ne, almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa. Suka ji bishara, da yawa suka karɓa, suka kafa ƙauye a Gimi da gonaki da makaranta. Murna ba ta daɗe ba. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, aka yi ta haƙa kaburbura, har aka kwashe waɗanda suka rage zuwa Zariya. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka kafa ikkilisiyar Wusasa.

A 1929 mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa a hannun Guy Bullen, aka gina majami'a da asibiti da makaranta. A nan Yakubu Gowon ya tashi. Shi kuwa Mila, mutum ne mai taurin kai, ya sha saɓani da gwamnati da 'yan'uwansa 'yan mishan, kuma zuciyarsa tana cikin birni. Bai tare a Wusasa ba. Kano ya koma ya ƙarasa aikin fassara, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito cikakke a 1932.

Ya rasu a ƙasar Jos a 1952, yana da shekara 80.