Juan Pablo Perez Alfonzo: Lauyan da ya assasa ƙungiyar OPEC

Duk lokacin da ministocin ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur, wato OPEC, suka zauna domin tsayar da yawan ɗanyen man da za su kai kasuwa, suna aiki ne da wata dabara da wani lauya ɗan ƙasar Venezuela ya nazarta a zamanin da yake gudun hijira.

Wannan lauya shi ne Juan Pablo Perez Alfonzo, wanda masana tarihin man fetur da dama ke ɗauka a matsayin uban ƙungiyar.

Ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana fafutukar ganin an kafa dokokin da za su bai wa ƙasa mai arzikin mai rabonta na gaskiya, su kuma hana ta ƙarar da arzikin cikin gaggawa. Ya yi nasara a fafutuka ta farko, amma ya rasu yana takaicin yadda ta biyun ta kasance.

Ƙuruciyarsa

An haifi Perez Alfonzo a ranar 13 ga watan Disamba na shekarar 1903 a Caracas, babban birnin Venezuela da ke Kudancin Amurka, a cikin wani gida na masu hali.

Da farko ya tafi jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka domin karatun likita, amma bai kammala ba ya koma gida ya karanci aikin lauya a babbar jami'ar Venezuela, inda daga bisani ya koyar.

Karayar arzikin da ta sami gidansu ta sa ɗawainiyar ƙannensa ta koma wuyansa tun yana matashi. Waɗanda suka rubuta tarihinsa na danganta tsananin tsimi da ƙyamar almubazzarancin da aka san shi da su da wannan hali da ya shiga.

Ya tashi ne a zamanin mulkin kama-karya na Janar Juan Vicente Gomez, wanda ya riƙe ƙasar daga 1908 har zuwa mutuwarsa a 1935. A wannan zamani aka gano mai mai ɗimbin yawa a yankin tafkin Maracaibo, musamman bayan da wata rijiya ta ɓarke da ambaliyar mai a watan Disamba na 1922.

Kafin ƙarshen shekarun 1920 Venezuela ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da mai zuwa ƙetare a duniya. Sai dai Janar Gomez ya riƙa raba izinin haƙar man ne ga danginsa da makusantansa, su kuma su sayar wa kamfanonin waje irin su Shell da Standard Oil da Gulf. Hatta manyan matatun da ke tace man, a tsibiran Curacao da Aruba da ke ƙarƙashin Holland aka gina su.

Dokar 1943

Bayan mutuwar Gomez, Perez Alfonzo ya shiga siyasa, aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki, ya kuma kasance cikin jagororin jam'iyyar adawa ta Accion Democratica da aka kafa a 1941 bisa jagorancin Romulo Betancourt.

A wancan lokaci kamfanonin mai na cikin fargaba, domin a 1938 ƙasar Meziko ta ƙwace kadarorinsu ta mayar da su hannun gwamnati. Ga kuma yaƙin duniya na biyu, wanda ya sa Amurka da Birtaniya ke matuƙar buƙatar man Venezuela. Wannan ne ya sa kamfanonin suka yarda su zauna da gwamnatin shugaba Isaias Medina Angarita.

Sakamakon zaman shi ne dokar mai ta shekarar 1943. Dokar ta tanadi cewa gwamnati za ta karɓi aƙalla kashi ɗaya bisa shida na man da aka haƙo a matsayin haƙƙinta na mai ƙasa, ban da haraji. A madadin haka aka sabunta wa kamfanonin izininsu na tsawon shekaru 40, wato har zuwa 1983, lokacin da filayen za su koma hannun ƙasa.

Perez Alfonzo ya ƙi kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar, ya kuma rubuta dalilansa. A ganinsa dokar ta yafe wa kamfanonin ribar da suka kwasa a zamanin Gomez ba tare da sun biya diyya ba, sa'annan lissafin da aka gina ta a kai bai tabbatar wa ƙasar rabin ribar ba idan farashi ya tashi.

Raba daidai

Shekaru biyu bayan haka dama ta zo masa. A watan Oktoba na 1945 wasu ƙananan hafsoshin soja tare da haɗin bakin jam'iyyarsa suka kifar da gwamnati, aka naɗa shi ministan raya ƙasa, ma'aikatar da harkar mai ke ƙarƙashinta.

Ya dakatar da ba da sabon izinin haƙar mai ga kamfanonin waje. Ya kuma sa gwamnati ta fara karɓar wani sashe na haƙƙinta a matsayin ɗanyen mai maimakon kuɗi, tana sayarwa da kanta, domin ta san ainihin darajar hajarta a kasuwa.

A ranar 12 ga watan Nuwamba na 1948 aka yi wa dokar haraji gyaran da ya tabbatar da tsarin raba daidai. Bisa wannan tsari, ribar da kamfani zai samu ba za ta wuce abin da gwamnati ta samu ba, kuma idan ta wuce sai a ɗora masa ƙarin haraji har a daidaita.

Kwanaki 12 kacal bayan nan sojoji suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin shugaba Romulo Gallegos. An tsare Perez Alfonzo na tsawon watanni kafin a kore shi daga ƙasar.

Amma tsarin nasa bai bi shi gudun hijira ba. Sojojin sun ci gaba da aiki da shi, kuma ba da daɗewa ba ya tsallaka zuwa Gabas ta Tsakiya. A watan Disamba na 1950 Saudiyya ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da kamfanin Aramco, daga nan Kuwait da Iraƙi suka biyo baya.

Darasi daga Texas

Ya yi kusan shekaru goma a waje, a Amurka da kuma Meziko. A birnin Washington ya lazimci ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, inda ya duƙufa wajen nazarin wata hukuma ta jihar Texas wadda asalin aikinta kula da jiragen ƙasa ne, amma aka ɗora mata alhakin sa ido kan haƙar mai.

Abin da ya ja hankalinsa shi ne yadda aka shawo kan rikicin da ya biyo bayan gano wani makeken filin mai a gabashin Texas a 1930. Kowa ya yi ta haƙa babu ƙaƙƙautawa, har farashin ganga ya faɗi zuwa senti 10 a 1931. Hukumar ta riƙa ƙayyade wa kowace rijiya adadin da za ta fitar daidai da buƙatar kasuwa, sai farashi ya farfaɗo, ɓarnar man kuma ta ragu.

Perez Alfonzo ya ga cewa abin da Amurka ta halatta wa kanta a cikin gida, ƙasashe masu sayar da mai ma suna iya yinsa a tsakaninsu. Hujjarsa ita ce mai dukiya ce mai ƙarewa, kuma duk gangar da aka sayar da arha an tauye haƙƙin 'ya'ya da jikoki ne.

Daga Alƙahira zuwa Bagadaza

Bayan faɗuwar gwamnatin Janar Marcos Perez Jimenez a watan Janairu na 1958, ya koma gida. Da Betancourt ya zama shugaban ƙasa a 1959 sai ya naɗa shi ministan ma'adinai da man fetur.

Ya kama aiki ne a mawuyacin lokaci. A watan Fabrairu na wannan shekara kamfanin BP ya rage farashin da kamfanoni ke sanarwa, wanda a kansa ake lissafa harajin da gwamnatoci ke karɓa. Ke nan da alƙalami ɗaya kamfani na iya rage kuɗin shigar ƙasa ba tare da ya tuntuɓe ta ba.

A watan Maris kuma shugaba Eisenhower ya ƙayyade yawan man da za a riƙa shigarwa Amurka, aka sassauta wa Kanada da Meziko, aka bar Venezuela. Perez Alfonzo ya je Washington da shawarar a tsara cinikin man tsakanin gwamnati da gwamnati, amma ba a saurare shi ba.

Sai ya juya ga ƙasashen Larabawa. A watan Afrilu ya halarci taron man fetur na Larabawa a birnin Alƙahira a matsayin ɗan kallo. A can wata 'yar jarida ta Amurka, Wanda Jablonski, ta haɗa shi da Abdullah Tariki, jami'in da ke kula da harkar mai a Saudiyya, wanda ya yi karatu a Texas.

Su biyun da wasu wakilai ƙalilan suka gana a asirce a unguwar Maadi, suka sa hannu a wata takarda da ke ba gwamnatocinsu shawarar su riƙa tuntuɓar juna, su kafa kamfanonin mai na ƙasa, su kuma nemi a ƙara musu rabo zuwa kashi 60 cikin 100.

A watan Agusta na 1960 kamfanin Standard Oil na New Jersey ya sake rage farashi da kimanin senti 14 a kan kowace ganga. Wannan ya fusata gwamnatocin, kuma daga ranar 10 zuwa 14 ga watan Satumba wakilan Iran da Iraƙi da Kuwait da Saudiyya da Venezuela suka taru a Bagadaza suka kafa OPEC. A lokacin ƙasashen biyar ne ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na ɗanyen man da ake cinikinsa tsakanin ƙasashe.

A wannan shekara ce kuma ya jagoranci kafa kamfanin mai na farko mallakar gwamnatin Venezuela.

Gargaɗin da ba a ji ba

Ƙungiyar ta yi nasarar hana kamfanoni sake rage farashi yadda suka ga dama, amma mambobinta ba su yarda a ƙayyade musu yawan man da za su haƙa ba, kowace na neman ƙarin kuɗin shiga. A 1962 aka sauke Tariki aka naɗa Ahmed Zaki Yamani, shi kuma Perez Alfonzo ya ajiye muƙaminsa a 1963.

Ya koma gidansa da ke bayan garin Caracas yana rubuce-rubuce da ganawa da ɗalibai da 'yan jarida. A lambun gidan ya ajiye wata tsohuwar mota ƙirar Singer da ya saya lokacin hijira. An bar ta a tashar jiragen ruwa tana tsatsa, kuma wanda aka aika ya ɗauko ta ya tuƙa ta babu mai a injin har ya ƙone. Yakan nuna ta ga baƙi a matsayin misalin sakacin da kuɗin banza ke haifarwa.

Da farashin mai ya ninka har sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973, daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12, jama'ar Venezuela suka shiga murna. Shi kuwa sai ya yi kira da a rage haƙar man, yana mai cewa ƙasar ba ta da ƙarfin sarrafa wannan dukiya, kuma abin da zai biyo baya shi ne cin hanci da bashi da mutuwar noma.

A 1975 shugaba Carlos Andres Perez ya sa hannu a dokar mayar da harkar mai hannun ƙasa, wadda ta fara aiki ranar 1 ga watan Janairu na 1976 tare da kafa kamfanin PDVSA. Ko wannan ma bai gamsar da shi ba, domin ya soki sashe na 5 na dokar da ya bar ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. A 1976 ya wallafa wani littafi da a cikinsa ya kwatanta man fetur da kashin Shaiɗan.

Ya rasu a birnin Washington ranar 3 ga watan Satumba na 1979 sakamakon cutar daji, yana da shekaru 75.

Abin da ya bari

Sai a watan Maris na 1982, fiye da shekaru biyu bayan rasuwarsa, OPEC ta fara raba wa mambobinta adadin man da kowace za ta haƙa, kamar yadda ya nema tun farko.

A Venezuela kuwa, abin da ya yi hasashe bai jima ba ya auku. A watan Fabrairu na 1983 darajar kuɗin ƙasar ta karye, kuma a 1989 ƙarin kuɗin mai da na mota ya haddasa tarzomar da ta hallaka ɗaruruwan mutane a Caracas. Ƙasar da ta haƙo kimanin ganga miliyan 3 da dubu 700 a kowace rana a 1970, abin da ta iya haƙowa a 2020 bai kai ganga miliyan ɗaya ba, duk da cewa an ƙiyasta tana kwance a kan ganga kusan biliyan 300.

Tasirinsa ya iso Najeriya tun kafin samun 'yancin kai, domin dokar harajin ribar mai ta 1959 an gina ta ne a kan tsarin raba daidai. Dokar soja ta 1969 ta mallaka wa ƙasa dukkan man da ke ƙarƙashin ƙasarta, sa'annan a 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon, Najeriya ta kafa kamfanin mai na ƙasa ta kuma shiga OPEC. Daga baya Dokta Rilwanu Lukman da Muhammad Sanusi Barkindo sun riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar.

Ko a muhawarar da aka shafe shekaru ana yi kafin shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar masana'antar man fetur a watan Agusta na 2021, batun rabo ne ya fi ɗaukar hankali: nawa ne na gwamnati, nawa ne na kamfanoni, nawa ne na al'ummomin da ake haƙar man a yankunansu.

Tambaya ta biyu da Perez Alfonzo ya ƙare rayuwarsa a kanta, wato nawa ya kamata a haƙa, nawa kuma za a bar wa na baya, ita ce har yanzu ƙasashe masu arzikin mai da dama ba su ba ta amsa a dokokinsu ba.