Malam Aminu Kano a Majalisar Wakilai

An haifi Malam Aminu a birnin Kano cikin shekara ta 1920. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Yusufu ya yi aiki a majalisar alkali. Ya yi karatun allo, ya shiga Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna. Da ya fita a 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmi, ya komo aka ba shi aiki a makarantar horon malamai ta Maru.

Aikin malanta a zamanin nan aiki ne mai daraja, ga albashi duk wata. Amma abin da ya gani ana yi wa talakawa, na haraji da aikin tilas da ɗauri ba bisa ƙa'ida ba, ya hana shi sakat. A 1950 ya ajiye aiki ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a wannan shekara. A 1953 ya zama shugabanta.

Hanyar majalisa ba ta zo masa da sauƙi ba. Ya tsaya zaɓe a 1954, Maitama Sule ya kayar da shi. Sai a 1959 mutanen Kano ta Gabas suka zaɓe shi, ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

To, a nan ne ya sami kansa tsaka mai wuya. NEPU tana ƙawance da jam'iyyar NCNC. Ita kuwa NCNC sai ta haɗa kai da NPC, jam'iyyar Sardaunan Sakkwato, suka kafa gwamnati, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista. Ke nan Malam Aminu ya zauna a gefen gwamnati tare da abokan hamayyarsa, har aka ba shi muƙamin mataimakin mai tsawatar wa wakilan gwamnati. A can gida kuwa ana ta kama magoya bayansa ana kai su gaban alkali. Waɗansu daga cikin mutanensa suka yi gunaguni, suna ganin bai kamata ya zauna inuwa ɗaya da masu ɗaure su ba. Shi kuwa yana ganin bakin da ke cikin majalisa ya fi wanda ke waje amfani. Bai daina neman a gyara mulkin En'e ba, da kuma a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a, gama a lokacin maza kaɗai ke zaɓe a Arewa. Wannan bukata ba ta biya ba sai bayan shekaru.

Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963. A zaɓen 1964, wanda ya cika da rikici, Malam Aminu ya rasa kujerarsa. A watan Janairu na 1966 soja suka kifar da gwamnatin, majalisar ma ta watse.

Daga baya ya yi kwamishina a gwamnatin Janar Gowon. A 1979 ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP bai samu ba, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya.